Tsamiyar da Bature Ya Sha Inuwarta

Garinmu ɗan ƙaramin gari ne a bakin titi, tsakanin Achida da Wurno. In ka cire albasa da tafarnuwa, babu abin da za mu nuna wa baƙo mu buga ƙirji. Direbobi ma ba sa kiran sunan garin, sai dai su ce wa fasinja za su tsaya a tsamiya. Tsamiyar kuwa ta Gwaggo ce. Ba takarda gare ta a kanta ba, amma ko yaron goye ka tambaya haka zai ce maka.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, kuma da furarta na yi ƙashi. Tun kafin a haife ni take zama a gindin itacen nan da ƙwaryarta da ludayinta da faifan rufi. Da sassafe Fulanin rugagen bayan gari su kawo mata nono, ita kuma ta zo da dawon da ta kirɓa, ta zauna tana damawa har rana ta yi sanyi. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka inuwar nan jin daɗi ce kawai. A'a. Nono ba ya shiri da rana. In ta doke shi, kafin azahar ya tsinke, ruwa gefe guda, tsami gefe guda, ko kyauta ka bayar sai an yi maka kallon banza. Inuwar tsamiyar nan ita ce jarin Gwaggo, ita ce shagonta, ita ce kuma majalisarta, don a nan take yanke wa duk wanda ya gifta hukunci, tun daga ɗinkin hularsa har tarbiyyar 'ya'yansa. Bakinta ya fi nononta tsami, amma ban taɓa ganin mai yunwa ya tashi daga gabanta da cikinsa a rame ba.

Ina koyarwa a firamaren garin lokacin da tarihi ya faɗo mana. Wani ɗan garinmu ne ya kawo shi, Alhajin da ya yi aikin ofis a birni har ya yi ritaya, ya dawo da tumbi da tabarau da wani muƙami da ba mu taɓa jin irinsa ba: shugaban kwamitin raya wuraren tarihi. Tun daga ranar kowa ya koma kiransa Ciyaman, shi kuma bai hana ba. Ya tara mu a ƙofar gidan mai gari ya ce wai can da daɗewa, tun kafin Turawan mulki, wani Bature matafiyi ya ratsa ƙasar nan, ya koma garinsu ya rubuta littafi mai kauri kamar tubali. A cikin littafin ya ce zazzaɓi ya kama shi a hanya, ya sauka a gindin wata tsamiya, wata mata ta ba shi wani farin abu mai tsami ya sha, ya huta, ya wuce. Iyakar labarin ke nan. Yanzu wasu masu sha'awar tarihi daga ƙetare sun ba da taimako a kafa allo a wurin, kuma da zarar an kafa, in ji Ciyaman, Turawa za su riƙa yi mana tururuwa, har sai mun rasa inda za mu sa su.

Matsalar ɗaya ce. Baturen bai faɗi sunan garin ba, tsamiya kuwa ba ta da wuya a ƙasarmu. Mutanen Rabah suka ce ai ta wajensu ya bi, suka nuna tasu tsamiyar, har da wani tsoho da ya rantse kakan kakansa ne ya riƙe wa Baturen linzami. Mutanen Goronyo suka ce ƙarya ne, a bakin gulbinsu ya sauka, sai dai wurin yanzu yana ƙarƙashin ruwan madatsa, wanda ke shakka ya nutsa ya gani. Mutumin da a zamaninsa na tabbata yara ne kawai suka bi shi suna kallon jan kunnensa, yau ga manyan mutane masu rawani suna neman ba hammata iska a kan inda ya yi zazzaɓi. A ƙarshe mu muka ci, kuma ba don hujja ba. Tsamiyarmu ce kaɗai ke bakin kwalta, inda motocin manya za su tsaya ba tare da sun shiga yashi ba.

Ni dai bakina ba ya riƙe magana, gadon Gwaggo ne. Na sami Ciyaman na ce, “Baba Alhaji, kai ma ka san tsamiyag ga ba ta kai zamanin Baturen ga ba. Kakana na yag gewaye ta da ƙaya tana 'yat tsiro don kar awaki su cinye ta. Dud garin ga an sani.”

Ya sauke tabarau ya dube ni kamar na yi tusa a masallaci. “Malam, tsamiya ai tsamiya ta. In ba ita ta ba, uwatta ta. Kai dai ka koya ma yara waƙat taryen baƙi.”

Haka aka kashe maganar, kuma babu wanda ya yi mamaki, don kowa ya san gaskiyar, har shi. Abin da ya rage shi ne tsohuwar da ke zaune a daidai inda tarihi zai zauna. Ciyaman ya je da kansa, ya ɗan rusuna, don ya san bakin da zai tara.

“Gwaggo, Allah shi ba ki haƙuri, ki ɗan matsa tsallaken titi har a gama aikin ga. Kwana kaɗan na.”

“Wane aiki na, Alhaji?”

“Tarihi za mu kahwa.”

“To shi tarihin ga, in anka kahwa shi, ba shi iya zama da mutane?”

Ciyaman ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ai Turawa ba sa son ƙuda, kuma hoto za a ɗauka. Gwaggo ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta tuna masa cewa lokacin da yake yawo ba wando, ƙudan da ke bin hancinsa sun fi na ƙwaryarta yawa, kuma ba ta kore shi ba. Amma mai gari ya sa baki, ita kuma mace ce mai ganin girman manya ko da tana zaginsu a ciki. Na taya ta ɗaukar kaya muka tsallaka titi. A can babu ko kargo, sai fili da rana. Na kafa mata 'yar rumfa da kara da tsohon buhu, wadda iska ke kwashewa duk lokacin da babbar mota ta wuce.

Maginin da aka ɗauko dattijo ne daga Wurno, mutumin kirki, wanda ya ƙare rayuwarsa yana gyaran katangun maƙabartu da wuraren ziyara. Ba a ba shi zane ba. An dai ce masa ya gina abin tunawa da wani babban mutum da ya daɗe da rasuwa. To me kuke so ya gina? Ya gina abin da hannunsa ya sani. Ya ja dogon dakali mai tsawon mutum, ya miƙar da shi kudu da arewa, ya tsayar da allon siminti a wajen kai, ya shafe duka da farin fenti. Aka manna wani baƙin dutse mai sheƙi a jikin allon, da rubutun Turanci zalla, tunda don Turawa aka yi. Aka kewaye wurin da shingen ƙarfe, har da tsamiyar a ciki, aka shafa masa koren fenti domin shi ne ya rage a shagon mai fenti. Aka ɗebo farin yashi daga gulbi aka shimfiɗa. Duk muna wucewa muna cewa aiki ya yi kyau, kuma wallahi babu ɗayanmu da ya ga abin da aka gina, domin mun riga mun san na Bature ne.

Ranar buɗewa an sha kiɗa. Motoci suka cika bakin titi, yarana suka rera waƙar da na koya musu har muryoyinsu suka dushe, wani babban baƙo daga birni ya ja kyalle, aka tafa. Bature ko ɗaya bai zo ba, an ce sun aiko da gaisuwa. Sannan Ciyaman ya karɓi lasifika ya shiga yabon matar nan ta cikin littafi, wadda ta shayar da baƙo ba ta san shi ba. Ya ce fura ce ta ba shi, ko shakka babu, ya ce ita ce uwar karamcin ƙasar nan, ya ce da an san sunanta da an rubuta shi da ruwan zinariya. Har muryarsa ta yi rawa. Ni kuwa ina tsaye ina hangen tsallaken titi, inda mai furar da muke da sunanta take zaune cikin rana, ta kifa faifai a ka, nononta yana tsinkewa. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, har na kasa cin shinkafar da aka raba, ko da yake daga baya na sa an ƙulla mini ita a leda.

Da taro ya watse Gwaggo ta aika a tambayi Ciyaman ko kwana kaɗan ɗin sun cika. Ya aiko cewa a ƙara haƙuri, Turawa suna hanya. Damina ta zo ta wuce, aka cire albasa, aka sake dasa wata, Turawa suna hanya. Wanda kaɗai ya more inuwar shi ne maigadin da aka ɗauka, ƙanen matar Ciyaman, dattijo mai farin gemu har ƙirji wanda duk garin an san bai taɓa riƙe fartanya ta yi ɗumi a hannunsa ba. Yakan shimfiɗa buzu a bakin ƙofar shingen, ya riƙe tasbaha, ya sunkuyar da kai, ya yi ta gyangyaɗi. Da ya ga yara suna shiga suna ɓata masa yashi, shara kuwa aiki ce, sai ya kafa doka: duk mai shiga ya tuɓe takalmi.

Titinmu hanyar masu ziyara ce. Mutane sukan taso daga nesa, daga gabas mai nisa, daga Nijar, har daga Kamaru, su ziyarci kaburburan bayin Allah a Sakkwato, sannan su wuce Wurno. Wata rana da hantsi tayar wata bas ta masu ziyara ta fashe daidai garinmu. Fasinjojin, yawancinsu tsofaffin mata, suka sauko neman inuwa. Suka ga farin dakali ya miƙe kudu da arewa, da allo a wajen kai. Suka ga koren shinge, da farin yashi sharare, da dattijo mai gemu a kan buzu ya yi nisa cikin abin da suka ɗauka zikiri ne. Wata ta matsa za ta leƙa, maigadi ya farka a firgice ya ce, “Takalmi! A tuɓe takalmi!”

Shi ke nan, magana ta ƙare. Ina dawowa daga makaranta na tarar da su durƙushe a kewaye da dakalin Bature, hannuwa a sama, wasu har da hawaye. Da suka shafa, kowace ta ɗebi yashi ta ƙulle a bakin mayafi don tabarruki, suka ajiye wa maigadi goro da dabino da abin da ya sawwaƙa. Shi kuwa ya dubi abin da ke gabansa, ya dubi matan, ya ce Allah shi karɓa. Daga baya da aka tsare shi, ya rantse bai taɓa ce wa kowa akwai mutum a ciki ba, kuma gaskiya ya faɗa, tunda babu wanda ya tambaye shi.

Mutum ɗaya ce ta yi ta faɗin gaskiya, ita ma ba don Allah kaɗai ba. Duk wanda ya tsallako sayen fura, Gwaggo takan tare shi tun kafin ya zauna.

“Ke baiwar Allah, mi kika yi can ciki? Babu kowa nan. Nasara na, kuma ko shi ba shi ciki. Inuwa yas sha yaw wuce, in ma ya sha.”

Sai su dubi juna, su girgiza kai, su ce Allah sarki, tsufa. Wata ma ta ja ni gefe ta ba ni shawara in ɗebo yashin in jiƙa wa tsohuwar ta sha, ko Allah zai sa hankalinta ya dawo. Da na gaya wa Gwaggo, ta ce in koma in ce wa matar ta jiƙa wa ubanta.

Labari ya bi motoci. Direbobi, waɗanda ba su ƙi a ce kowace tsamiya waliyyi gare ta ba muddin za su huta, suka mai da garinmu zango. Farin yashin ya ƙare, maigadi ya sa aka ƙaro, ya sake ƙarewa, sai mutane suka koma tonon ƙasar gindin allon da hannu, har allon ya fara karkata kamar mai ciwon wuya. Wasu suka shiga ɓare ɓawon tsamiyar suna tafiya da shi. Na ji da kunnena ana cewa ƙasar tana maganin zazzaɓi. Na ce a raina, mutumin da aka yi abin dominsa ma da zazzaɓinsa ya bar wurin. Ciyaman kuwa sai ya riƙa zuwa da wayarsa yana ɗaukar hoton taron daga nesa, yana aika wa mutanen ƙetare shaidar cewa baƙi sun fara tururuwa kamar yadda ya faɗa.

Limaminmu tsoho ne mai haƙuri, amma ranar da labarin ya kai masa yadda yake, ya yi huɗubar da ban taɓa jin ya yi irinta ba. Kuma yana da gaskiya. Ya ce a garinsa, yana raye, ana durƙusa wa siminti ana roƙo, simintin ma na wanda bai taɓa fuskantar gabas ba. Bayan an sallame aka taru a ƙofar gidan mai gari, samari suna huci, wasu har sun ɗauko diga.

Liman ya ce a rushe. Ciyaman ya miƙe ya ce duk wanda ya taɓa allon nan ya taɓa hukuma, domin manya ne suka buɗe shi, hotonsa yana ƙasashen waje, kuma shi ba zai je belin kowa ba. Aka ga diga tana komawa bayan riga a hankali. Wani ya ce to a kori maigadi. Babu wanda ya goyi baya, don babu mai son shiga tsakanin Ciyaman da matarsa. Ni na ɗaga hannu na ce abin ai mai sauƙi ne, a samo allon katako a rubuta da ajami da boko cewa babu kowa a nan, a rataya a ƙofa. Liman ya gyaɗa kai. Ciyaman ya ce ba a ƙara ko wasali a wurin tarihi sai da izinin waɗanda suka ba da taimako, kuma zai rubuta musu. Mun san irin wannan rubutun, tare yake tafiya da Turawan da ke hanya.

Sai wani dillalin albasa, mutumin da bai taɓa kawo shawara a taro ba sai ranar, ya gyara murya ya ce, “Ranka shi daɗe, ni a ganina, mi ka tsai da motocin ga? Ai inuwa ta. Direba ba shi tsayawa cikin rana ko kabarin wa anka ce mai. In babu inuwa, babu mai tsayawa. Kuma tsamiya dama gidan iskoki ta.”

Ka ga fuskoki sun washe. An sami wanda za a hukunta, wanda ba shi da hoto a ƙasashen waje, ba shi da 'yar'uwa a gidan Ciyaman, kuma ba ya kai ƙara. Na miƙe na yi ta masifa, na ce an bar jaki ana dukan taiki, na ce itacen nan da mai shi, na ce wa dillalin abin da ba zan maimaita a nan ba. Aka ce Malam ya zauna, boko ya yi masa yawa. Liman ya ce shi dai ba haka ya so ba, amma in hakan zai kashe ɓarnar, to. Ciyaman ya yi ɗan tunani, ya ga allonsa zai tsira, ya ce kwamiti ba shi da ja.

Gwaggo ba ta jira na gama ba ta labari ba. Ta yafa mayafi ta tafi gidan mai gari, ni ina biye, ta durƙusa a zaure da gwiwoyin da suka daɗe da daina son durƙuso.

“Ranka shi daɗe, an ce in matsa kwana kaɗan, na matsa. An ba Nasara wurina, ban ce komi ba. An ba malalaci inuwata, na yi kurum. Yanzu kuma itacen za a kashe? Mi tay yi muku? Ubana yar rene ta. Ku rushe abin da kunka gina, ku bam min abin da Allah ya tsirar.”

Mai gari ya ce ta yi haƙuri, jama'a ta riga ta yanke. Ya ce za a duba mata wani wuri.  Gwaggo ta dafa bango ta tashi, muka fito muka kama hanyar gida.

A garin babu mai gatarin da ya yarda ya sara tsamiya, har dillalin da ya kawo shawarar, saboda tsoron masu gidan da ya ambata. Sai da aka ɗauko masu inji daga birni, waɗanda ba ruwansu da iskokin ƙauye. Suka yi ta lissafin yadda za su kayar da ita ba tare da ko reshe ya taɓa allon ba, suka ɗaura igiyoyi, suka ja ta ta faɗi wajen gona. Tarihi bai ko ƙwarzane ba. Masu gawayi suka kwashe itacen. Gwaggo tana tsallake tana dama furar da babu mai saye, ba ta ɗaga kai ba har ƙarar ta mutu. Sannan ta miƙo mini ƙwarya ta ce in je in tsinto mata 'ya'yan da suka zube, ko kunun azumi a samu. Na tsinta ina kuka, ƙato da ni, a gaban ɗalibaina.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne dabarar dillalin ta yi aiki. Motoci suka daina tsayawa, masu ziyara suka koma wucewa da gudu, liman ya samu natsuwa. Masu sayen fura ma suka tafi tare da su. Maigadi ya gwada zama kwana biyu, rana ta gasa masa ƙeya, ya naɗe buzunsa ya ce aikin ba ya da albarka. Ba a daɗe ba masu sayen tsohon ƙarfe suka yi gaba da koren shingen, guntu guntu, kuma hukumar da aka ce za ta ɗaure duk wanda ya taɓa wurin ba ta ko yi tari ba. Ciyaman ya koma birni, na ji an ce yana wani kwamitin. Aka bar farin dakali da karkataccen allo a tsakiyar fili, da rubutu a jikinsa yana sanar da duniya cewa a inuwar wannan tsamiya wani Bature ya huta, ga kuma kututture a gefe.

Wata safiya, ba tare da ta nemi izinin kowa ba, Gwaggo ta tsallako titi da ƙwaryarta ta koma wurinta. Allon yana da 'yar inuwa, ba ta fi faɗin tabarmar salla ba. Da hantsi tana gefe guda, da la'asar ta koma ɗaya gefen, da tsakar rana ta shige ƙarƙashinsa ta ɓuya. Gwaggo takan sa ƙwaryar nono a ciki, ita ta samu abin da ya rage, tana ja da gindi tana bin ta kamar mai kiwon kaza. Na roƙe ta ta zauna a gida, na ce albashina zai riƙe mu. Ta ce ba ta gaji zaman jiran mutuwa ba.

A nan na same ta ranar da alkawarin Ciyaman ya cika. Na taso daga makaranta na ga wata mota a tsaye, ga wata Baturiya, yarinya ƙarama, fuskarta ta yi ja kamar gauta, tana karanta allon tana waige waige. Ɗaliba ce, in ji ta, tana bin sawun matafiyin nan gari gari. Ta tambaye ni ina tsamiyar. Na nuna mata kututturen. Na buɗe baki zan zazzage mata duk abin da ke cikina, sai na ga Gwaggo tana dafa dakali tana miƙewa da ƙyar. Ta janye tabarmarta ta koma cikin rana, ta nuna wa yarinyar 'yar inuwar da hannu.

“Gwaggo, zamna wurinki,” na ce. “Ita yarinya ta, ke kuwa...”

“Rufa min baki. Baƙuwa ta. Garin ga ai baƙo ka shan inuwa.”

Ta dama mata fura a ƙaramar ƙwarya. Nonon ya riga ya sha rana. Yarinyar ta kurɓa, ta ɗan yamutsa fuska, ta daure ta shanye don kunya, ta yi godiya da Hausarta ta koyo. Sannan ta zaro ɗan littafi da biro daga jaka, ta ce in tambayi tsohuwar sunanta, tana so ta rubuta cewa ta sauka a nan, an ba ta wuri, an shayar da ita.

Na fassara. Gwaggo ta dubi biron, ta dubi allon, ta dubi kututturen. Ta miƙa hannu ta karɓi ƙwaryarta.

“Ce mata hurag ga sadaka ta, ta tahi lahiya. Amma don Allah kat ta rubuta. In tar rubuta, bayan mun mutu sai a zaka a tada wata tsohuwa.”